Sarkin da Ya Ƙi Rufuwa

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki suka ce za su shirya zaɓe su koma bariki, aikina ne farkon abin da ya tafi. Ina rubuta takardun haihuwa da na aure a meri ta Gazawa, wato ma'aikatar magajin gari. Magajin gari ne ya ɗauke ni da bakinsa, babu wata takarda da ta ɗaure ni da kujerar. Da aka rushe majalisun gari aka turo wani mutum ya riƙe buro, wato ofishin, kafin zaɓe, sai ya tara mu, mu huɗu masu irin matsayina, ya ce mu je gida za a neme mu. Da ladabi ya faɗa, har bakin ƙofa ya rako mu.

Na je gida na zauna jiran a neme ni.

Ban san ban iya zama ba sai a lokacin. Da safe in yi wanka in sa rigar buro, sannan in tuna babu inda za ni. In taka zuwa tasha, in tsaya wurin mai shayi in ji abin da rediyo ke cewa, in dawo. In kwanta, in tashi. In sake fita in duba ko wani ya ji wani labari daga Agye, don a lokacin Gazawa tana ƙarƙashin Agye, duk wata takarda daga can take fitowa. Da damina ta sauka na samu sauƙi kaɗan, amma gonata ba ta da girma, kafin rana ta take na gama abin da zan yi na dawo gida da sauran ƙarfi a jikina. Matata tana ɗinki a tsakar gida. Wata rana ta ɗaga ƙafa daga keken ta ce, "Malam, don Allah ko ka zauna ko ka fita. Wannan kai da kawo naka har layin ɗinki yake karkata mini."

Yayana yana fatauci tsakanin Katsina da Gazawa. A wata tafiya ya sayo na'urar wasan bidiyo ta hannu, irin wadda ake jonawa da tele, da niyyar ya buɗe wurin wasan ƙwallo a gefen shagonsa. Da aka kunna ta sai ta ƙi karɓar faifan ƙwallo ko ɗaya. Faifai ɗaya kawai ta yarda da shi, wanda aka tarar a cikinta, shi ma rubutunsa ba Faransanci ba, ba Turanci ba, ba Larabci ba. A bayan na'urar ne muka ga an rubuta Japan da baƙaƙen da muka sani. Yaya ya yi tsaki ya ce an cuce shi, ya kawo ta gidana ya ajiye. "Kai da ba ka da aikin yi, ka ga ko za ka gane kanta."

A telena hoton ma fari da baƙi yake fitowa. Wani ƙato ne cikin kwat yake yawo a titunan wani birni mai fitilu, duk inda ya bi sai wasu su tare shi a yi dambe. Na yi kwana biyu ina dambe har babban yatsana ya yi zafi, abin ya gundure ni. A rana ta uku na kai ƙaton cikin wani lungu, na tarar da wani tsoho zaune a ƙasa da allo a gabansa. Na danna, sai birnin ya ɓace, allon ya cika tele.

Gida tara ne a tsaye, tara a kwance. Ƴaƴan wasan duk kamanninsu ɗaya, masu tsinin kai, kowanne da rubutu a jikinsa. Sai bayan shekaru, da waya mai shafawa ta zo hannuna, na san sunansa shogi. A lokacin darar Japan muke ce masa.

Tsohon yana da abu biyu. Ko ka buga da shi cikakken wasa, ko ya ɗora maka matsala. Cikakken wasan na gwada sau uku ya share ni kafin in san gabas. Matsalar ce ta kama ni. Zai jera ƴaƴa kaɗan a kusurwa ɗaya, sarkinsa a tsakiyarsu, ya ce ka rufe shi cikin taku ƙidayayye. Babu wanda ya gaya mini haka, da kuskure na gane. Na gane kowane takunka dole ya zama hari a kan sarki, in ka yi wanda ba hari ba na'urar ta yi ƙara ta mayar da kai farko. Na gane in ka ɗora alama a kan ɗa, gidajen da zai iya zuwa suna yin haske. Na ɗauko wani tsohon littafin lakol, na zamanin da nake makarantar boko, na riƙa zana kowane rubutu da hanyar da yake bi. Na gane akwai ƴaƴan da ake ba ka a gefe, a hannu, ka sauke su duk inda ka ga dama. Na kuma gane in ɗanka ya shiga layuka uku na ƙasar sarki, na'urar takan tambaye ka wani abu da amsa biyu, in ka zaɓi ta farko ɗan ya juya bayansa ya ƙara ƙarfi.

Matsala ta farko ta ci mini yini. Ta biyu rabin yini. Da sarki ya rasa mafita tsohon ya sunkuyar da kai, na ji wani abu ya sauka a ƙirjina wanda na yi watanni ban ji ba. Ba ya daɗewa. Minti biyar sai in ji ina son ta gaba.

Kuran kuwa, wato wutar lantarki, ba shi da tabbas. Wani lokaci ya yini, wani lokaci a ɗauke shi ina tsakiyar taku. Don haka da matsala ta fito sai in yi maza in kwafe ta a littafi. In an ɗauke wuta in fita ƙofar gida in zana allon a ƙasa, in jera tsakuwa da ƴan guntayen takarda.

A haka Kawu ya same ni.

Wan mahaifiyata ne, Bagobirin Tibiri, ya shekara sama da talatin yana tuƙin motar haya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ɓoye wa kowa, har ranar da ya goge wani amalanken jaki kusa da Cadawa. Ba a mutu ba, amma jakin ya karye, mai amalanken ya yi jinya. Ƴaƴansa suka taru suka karɓe makulli. Tun daga nan ya zauna a Gazawa, garin matarsa, ya zama ba shi da wurin zama shi ma. Ya je tasha ya riƙa gyara wa direbobi tuƙi har suka fara kauce masa. Ya je wurin ƴan dara, yana cinye su yana musu gori, suka daina ba shi wuri. In ka hango shi yana tafe, hannu a baya, yana kaɗa carbi da sauri kamar mai jin haushinsa, ka san daga wani wuri aka gaji da shi.

Ya tsaya a kaina ya daɗe. Mushe yake ce mini, wato monsieur na Faransanci, tun ranar da na fara aikin meri, rabi girmamawa rabi tsiya.

"Mushe, duba kake yi ko ƙasa kake bugawa?"

"Dara ce, Kawu. Ta Japan."

"Dara da gida tamanin? Matsa in gani."

Ya tsuguna. Na yi masa bayanin abin da na sani, ina nuna masa littafi, yana kai shi kusa da hanci. Rubutun bai gani sosai, bai ma damu da shi ba. Tafiyar kowane ɗa yake tambaya, in na faɗa sai ya raɗa masa suna. Mai tafiya miƙe har ƙarshen layi ya ce gingimari ne. Mai yanke hanya a gicciye ya ce kabu-kabu. Mai tsalle kwaɗo. Wanda ke manne da sarki yana taka ɗaya-ɗaya ya ce dogari. Ƙaramin cikinsu, mai taku ɗaya gaba ba ya waiwaye, ya ce ɗan ƙafa.

Da na ce masa wanda ka ci ba ya mutuwa, naka yake zama ka dawo da shi ya yaƙi tsohon ubangidansa, sai ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Ashe can ma akwai ƴan siyasa."

Matsalar da na kwana biyu a kanta, ya dube ta kamar tsawon shan kofin shayi, ya ce, "Ba da gingimarin. Sa shi nan ya ci."

"Kawu, shi ne babba a hannuna."

"Mi za ka yi da shi in sarki ya tsere? Ba shi. In ya ci, ya fito daga rami."

Da wuta ta dawo na gwada. Tsohon ya sunkuyar da kai.

Washegari tun ban gama karin kumallo ba na ji sallamarsa. Ya zo da ƙunshi a aljihu. Sakaina ce ya fasa ya feƙe kowace da tsinin kai, ya yi musu tsaga a gefe yadda zai gane su da yatsa: dogari tsaga biyu, kwaɗo uku, ɗan ƙafa babu. Bayan kowace ya shafa gawayi, don in ta juya a sani. Daga ranar muka zama mu biyu. Ni ne ido da hannu, ina dannawa ina kwafewa, shi ne yake gani nesa. Ba ma zama lafiya. Yakan fizge sakaina daga hannuna, ni kuma in ce masa ai na faɗi haka tun ɗazu. In abu ya cije sai ya miƙe ya zagaya bishiyar ƙofar gida sau biyu ya dawo ya tsuguna. Ni ma in miƙe in leƙa ɗaki ko wuta ta zo. Maƙwabta suka saba ganinmu muna tashi muna zama kamar masu jiran haihuwa.

Muka ci goma sha biyu. Ta goma sha uku ce ta tsaya mana a wuya.

Da ganinta ba ta da wuya. Sarki yana kusurwa. Muna da kabu-kabu da dogari a kan allo, da ɗan ƙafa ɗaya a hannu. Kabu-kabu ya shiga ƙasar sarki da hari, mu juya shi ya ƙara ƙarfi. Sarki ya matsa gefe. Sai mu sauke ɗan ƙafa a gaban hancinsa, dogari yana tsaronsa. Sarki ba zai ci ba, ba zai gudu ba, ko'ina a rufe. Kawu ya gani cikin minti ɗaya, har ya fara kaɗe riga.

Na danna in sauke ɗan ƙafa, na'urar ta yi ƙara ta ƙi.

Na sake. Ta ƙi. Wani rubutu ya fito a ƙasa, layi biyu, muka zuba masa ido kamar zai ji kunya ya koma Hausa.

"Faifan ya karce," in ji ni.

Na fitar da shi na goge da gefen riga. Na hura cikin na'urar. Wani mai gyaran rediyo a kasuwa ya ce a shafa man goge haƙori a wanke, na yi. Duk sauran wasan yana tafiya daidai, ƙaton yana dambensa, amma da an zo gidan nan sai ƙara. Muka gwada wasu hanyoyi, sarki ya riƙa sulalewa. Muka yi mako guda. Ina cin tuwo ina ganin allon a cikin kwano. A masallaci na tsinci kaina ina ƙirga gidajen tabarma, na yi istigfari.

Kawu ne ya ce in karanta masa duk matsalolin baya, inda muka taɓa sauke ɗan ƙafa. Na bi littafi ɗaya bayan ɗaya. Ya rufe ido yana ji. A ta shida mun sauke shi gaban sarki an karɓa, amma a can sarki yana da wurin gudu. A ta tara ɗan ƙafa ne ya rufe sarki, amma da ƙafarsa ya taka, ba daga hannu aka sauke shi ba.

"Faifan lafiya lau shike," in ji Kawu. "Doka ce. Ɗan ƙafa ba shi kashe sarki daga hannu. Sun hana."

"Don me?"

"Ka tambaye su. Raini ne kawai." Ya yi tsaki, da gaske abin ya ɓata masa rai. "To in ba shi ba, wa?"

Sanin dokar bai warware komai ba. Ɗan ƙafan shi kaɗai ne a hannunmu, kuma dole a yi amfani da shi.

A cikin kwanakin nan ne aka ce hukumar zaɓe tana ɗaukar masu rubutu da za su zauna a rumfunan zaɓe, don za a fara da ƙuri'ar amincewa da sabon kundin tsarin mulki bayan kaka. Na haɗa dosiye, takardun neman aiki, na kai Agye. Aka ce mu dawo ranar Alhamis da hantsi, za a kira suna, wanda ya amsa a rubuta shi cikin masu horo. Matata ta wanke mini riga ta goge tun Laraba.

Kwana uku ke nan babu kuran. Ranar Alhamis da safe, ina ɗaura agogo, sai fanka ta motsa. Kafin ta gama juyi na farko na ji muryar Kawu a zaure, yana haki, ya ce ya samo wata hanya, a fara da dogari.

"Kawu, Agye za ni."

"Minti goma, Mushe. Agye nan da nan ce."

Ba zan ɗora masa ba. Tun kafin ya rufe baki hannuna yana kan na'urar. Hanyar dogari ta kai taku biyar sannan sarki ya fice. Muka ce to a canza na uku. Muka canza. Muka zana a ƙasa, muka koma ɗaki. Matata ta leƙo sau ɗaya ta ce, "Malam, rana fa." Na ce ga ni nan. Abin da na ji bayan nan kiran sallar azahar ne.

Na tari mai moto, wato babur, muka yi gudun da ban taɓa yarda a yi da ni ba. Na tarar da farfajiyar buro babu kowa sai mai gadi da wani ma'aikaci yana kulle taga. Ya duba takardarsa ya ce an kira sunana sau biyu, an sa wani a gurbina. Bai yi mini wulaƙanci ba. Ya ce mutane sun yi yawa, wasu tun asuba suke tsaye.

Da na dawo matata ba ta ɗaga murya ba. Na fi son da ta ɗaga. Ta ji abin da na ce, ta shiga ɗaki, ta zare wayoyin na'urar ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe, ta sa a kwali, ta taka kujera ta ɗora shi a saman kwaba. Ta yafa wa tele zane. Sannan ta ce, "Wata bakwai ina ce wa mutane jira kake yi. Yau me zan ce musu?"

Na fita na yi ta tafiya har bayan gari, na bi gonakin da aka fara yanke gero, na dawo ta tasha, na sake zagayawa.

Da Kawu ya zo washegari, ita ta tare shi. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta kawo masa ruwa, sannan ta ce, "Kawu, kai uba ne. Jiya ɗanka ya rasa aikin Agye." Ina daga ɗaki ina ji. Can na ji ƙarar ajiye kofi da jan takalmi. Bai nemi ganina ba.

Kwana biyu bai zo ba. A na uku ya yi sallama da sassafe cikin babbar riga da hula, irin shigar da yake yi in za shi ɗaurin aure.

"Ɗauko takardunka. Gidan Rumji za mu."

Ashe ya je ya sa an buga masa waya. Akwai wani da ya koyi mota a hannunsa shekaru da yawa, yanzu shi ma ya yi furfura yana shugabancin tasha a can. Shi ya ce masa a yankinsu masu rubutun Faransanci sun yi ƙaranci, ana neman waɗanda za su yarda a tura su ƙauyukan bayan Cadakori, don ƴan gari ba sa so.

Muka shiga mota, shi a gaba ni a bayansa. Daga Gazawa zuwa Agye bai bar direban ya huta ba: ka cika taka birki, ka saki giya da wuri, wannan ramin tun zamanina yake nan. Direban yana ta cewa to Baba. Amma da muka doso Cadawa sai ya yi shiru. Na ga ya juya kai yana kallon gefen hanya, wurin da kwalta ta ɗan matse kusa da wata gada. Bai sake magana ba har Maraɗi. Muka canza mota, muka wuce Tibiri garinsu, ko nuna mini unguwarsu bai yi ba kamar yadda ya saba. Na ɗauka fushi yake da ni, ko da kansa.

Can sai ya juyo, ya dafa kan kujera.

"Mushe. Kabu-kabun nan, in ya shiga, na'ura tana tambayarka. Ka taɓa ce mata a'a?"

"A'a ga me?"

"Ga juyawa."

"Wa zai ƙi ƙarin ƙarfi, Kawu?"

"Shi ne. Ƙarfin ne ya yi yawa." Ya rage murya, duk da babu wanda ya san abin da muke faɗa. "Ranar nan ta Cadawa, na ga jakin. Kowa cewa yake ban gani ba. Na gani, dishi-dishi. Horn na danna mishi, na matse shi, ga gada ga mota, bai da inda zai kauce, sai ya tsaya cik. Da na bar mishi hanya da ya wuce abinshi." Tunda abin ya faru ban taɓa jin ya ambace shi ba. "Sarkin nan mun rufe mishi ko'ina, shi ya sa sunka hana mu sauke ɗan ƙafa. Kak ka juya kabu-kabu. Gida ɗaya zai saura a buɗe a gefenshi. Ka sauke ɗan ƙafa, dole su karɓa, tunda yana da wurin gudu. Shi kuma dole ya shiga gidan nan, babu wani. To can muke jiranshi."

Na zaro littafin daga cikin dosiye, don ko a ranar ban iya barinsa a gida ba. Mota tana tsalle, ina bin gidaje da yatsa. Sarki ya shiga gidan da aka bar masa. Kabu-kabu ya dawo, yanzu ya juya. Sarki ya taka ɗaya. Dogari ya rufe. Na sake bi daga farko. Na ƙirga, taku bakwai, daidai da abin da tsohon ya nema. Matar da ke kusa da ni ta janye kajinta daga ƙafata.

"Ya fita?" in ji Kawu.

"A takarda ya fita."

"Takarda ba alƙali ba ce," ya ce, ya juya ya fuskanci hanya. Bayan ɗan lokaci na ji ya ce wa direban ya cika bin tsakiya.

A Gidan Rumji mutumin ya tare mu a tasha, ya rusuna wa Kawu har ƙasa a gaban yaransa, na ga Kawu ya ƙara tsawo. Aka kai ni buro, aka ba ni takarda da alƙalami aka ce in rubuta abin da za a karanta mini. Na rubuta. Aka ce horo jibi zai fara, kwana uku, daga nan kowa ya wuce inda aka tura shi ya taya raba katin zaɓe kafin ranar ƙuri'a. Babu zancen komawa Gazawa. Kawu ya koma shi kaɗai da saƙon a aiko mini da kaya.

Kwana goma sha shida na yi. Ƙauyen yana bayan Cadakori, sai an bi yashi da moto. A gidan daraktan lakol aka sauke ni, a ajinsa aka kafa rumfa. Aikin ya yi mini daɗi fiye da yadda na zata. Mutane suna zuwa da sunayen da aka rubuta musu ba daidai ba, ina nemo su a cikin rajista, ina tambayar sunan uba da na kaka har mu dace. Wata tsohuwa da na nemo mata katinta bayan an ce babu, ta aiko mini da nono a ƙwarya kwana uku a jere. Amma da na samu sarari sai in buɗe littafi in sake bin takun bakwai, ina neman inda sarki zai sulale wanda ba mu gani ba. Ban samu ba, hankalina kuma bai kwanta ba. A matsaloli goma sha biyun baya mun sha ganin abu ya fita a ƙasa ya ƙi fita a tele. Ranar ƙuri'a na yini ina duba suna ina diga tawada a yatsu, bayana ya ƙage, na sa hannu a takardu, aka ɗauki akwati.

Na iso gida da la'asar, da ƴar tsarabar gyaɗa da wake. Matata ta karɓe ni da fara'a, ta tambayi aiki, ta tambayi ƙauye, na ci abinci. Ban ɗaga kai na kalli saman kwaba ba, da gangan. Ita ce ta ce, "Kawu ya zo sau uku. Bai tambayi komai ba. Ya dai zauna ya sha ruwa yana kallon sama." Ta ja kujera ta taka ta sauko da kwalin da kanta. "An ce akwai wasu zaɓuɓɓukan a gaba?"

"Akwai. Sun ce za su sake kira na."

"To ranar da za su kira, ni zan riƙe wayar wutar nan a ɗakina."

Na ce na yarda.

Babu kuran a ranar. Washegari ma babu har azahar. Kawu ya zo tun hantsi, muka zauna a ƙofar gida, ba mu zana komai ba, ba mu da abin zanawa. Ya tashi ya zagaya, na tashi na leƙa. Sai wajen la'asar matata ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce fanka tana juyawa.

Na kai ƙaton lungu da gudu, wasu suka tare shi da dambe na kauce musu. Allon ya fito. Na tura kabu-kabu. Tambayar ta fito da amsoshinta biyu.

"Ba ni nan," in ji Kawu.

Bai taɓa riƙe abin dannawar ba. Na sa masa a hannu, na ɗora babban yatsansa inda ya kamata, na ce ya tura gefe sau ɗaya sannan ya danna. Ya danna da ƙarfi kamar mai tayar da tsohuwar mota. Kabu-kabu ya zauna yadda yake, bai juya ba. Sarki ya matsa. Na karɓa, na ɗauko ɗan ƙafa, na kai shi gaban hancin sarki. Na danna.

Ƙas. Ya zauna. Babu ƙara.

Sauran takun huɗu na yi su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya sunkuyar da kai. Aka ba ƙaton wani abu mai kama da faranti, ya sa a aljihu.

"Shi ke nan?" in ji Kawu. "Wata guda da rabi, faranti?"

"Faranti."

Ya yi dariya har da hawaye, yana goge ido da hannun riga. Matata tana bakin ƙofa, ita ma ta kasa riƙewa. Kafin ya gama ya ce, "Akwai wata?" Na ce akwai. Ya ce in kwafe kafin su ɗauke.

Na yi sauran zaɓuɓɓukan duk a ƙauyen nan. Da aka kafa sabuwar majalisa, sabon magajin gari ya zo da mutanensa, ba a neme ni ba. Na sayi tebur na kafa kusa da tasha ina rubuta wa mutane takardun neman aiki da cike dosiye, abin da nake yi ke nan har na samu na buɗe shago.

Na'urar ba ta kai damina ta gaba ba. Da zafin bazara ta fara jinkirin karanta faifai, sai an kunna sau biyar, sai an jingine ta a gefe, rannan ta ƙi gaba ɗaya. Mai gyara ya buɗe ya ce idonta ya mutu, kuma irinsa sai Kano, ko can ma da wuya. A lokacin muna kan ta ashirin da biyu, na riga na kwafe ta. Taku goma sha ɗaya ce. Ni na ce da kwaɗo ake farawa, na nuna masa har ƙarshe. Kawu ya ce a taku na shida sarki ba zai bi inda nake so ba, zai sa wani ɗa a tsakani, don haka da dogari ake farawa. Na ce a tasa hanyar taku goma sha uku ne. Ya ce ban iya ƙirga ba. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, yana zuwa teburina kusan kullum ya kori mai jiran takarda daga benci ya zazzage sakainarsa, kuma har ya kwanta ciwon ajali ba mu daidaita a kanta ba.